Hotunan Da Gara Ke Ci A Ƙasar Daura

Tsakanin 1868 da 1872 wani Bature, John Thomson, ya zaga ƙasar Sin yana ɗaukar hotunan masunta, 'yan kasuwa da ƙofofin birane. A shekarun 1960 aka rushe mafi yawan ganuwar Beijin don a shimfiɗa titi da layin jirgin ƙasa. Yau duk mai son ganin yadda take, sai dai ya nemi tsofaffin hotuna irin na Thomson.

Daura ma tana da irin wannan taska, sai dai a warwatse take. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 cur, kuma a zamaninsa ne hoto ya zama ruwan dare a Arewa. An ɗauki hotunan hawan Sallah da Sallar Gani, fadar Kangiwa, da Rijiyar Kusugu. Wasu na hannun jikokin Turawan mulki a Ingila, wasu na ma'adanar tarihi ta Kaduna.

Amma mafi daraja su ne na gida. A Daura da ƙauyukanta akwai hotunan angwanci da na tafiya aikin Hajji cikin tsofaffin akwatuna, suna nuna ɗaurin rawani, tsaga a fuska, da soraye masu zanko da siminti ya maye gurbinsu. Damina da gara suna cinye su, dattawan da suka san fuskokin kuma suna ta tafiya. Abin takaici ne ƙwarai.

Mai irin wannan hoto ya ɗauke shi da waya, ya zauna da kakarsa ya rubuta sunayen mutanen ciki.