Asetilkolin da garkuwar jiki

Asetilkolin wani sinadari ne da jijiyoyin saƙo ke fitarwa domin isar da umarni zuwa tsoka, zuciya, hanji da sauran sassan jiki. An daɗe ana ɗaukarsa na jijiyoyi kaɗai, amma bincike ya nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su ma suna samar da shi, kuma yana da hannu a yadda jiki ke yaƙar cututtukan bairos.

Rage kumburi

A shekarar 2000 Kevin Tracey da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan aka motsa jijiyar begas, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka ƙirji da ciki, da lantarki, adadin TNF yana raguwa a jinin ɓeraye. TNF sinadari ne mai hura kumburi. A 2011 aka gano yadda saƙon ke isa saifa: jijiyar saifa tana sakin noradirenalin, shi kuma ya sa ƙwayoyin T su saki asetilkolin, wanda ke kama ƙwayoyin makirofej ya hana su fitar da TNF da yawa. An yi waɗannan gwaje-gwajen da gubar bakteriya ne, amma batun ya shafi bairos, domin a mura mai tsanani da cutar korona kumburin da ya wuce kima kan lalata huhu.

Buɗe hanyar jini

A 2019 masu bincike ƙarƙashin Tak Mak a Toronto ta Kanada sun sa wa ɓeraye bairos ɗin LCMV, nau'in da ke daɗewa a jiki. Sun ga ƙwayoyin T sun ƙara samar da asetilkolin bayan sinadarin IL-21 ya zaburar da su. Asetilkolin ɗin yana faɗaɗa hanyoyin jini, ta haka ƙwayoyin T ke samun shiga naman da cutar ta kama. Ɓerayen da aka cire wa ƙwayoyinsu na T wannan ikon sun kasa kawar da bairos ɗin.

Wannan ne ya sa haɗa magani ta wannan hanya ke da wuya: sinadarin da ke kwantar da kumburi shi ne kuma ke buɗe wa garkuwa hanya, kuma mafi yawan hujjojin daga dabbobi aka samo su.