Fil a tafin hannu: tarihin ciwon mantuwa na Korsakoff

A shekarar 1911, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya a asibitin masu taɓin hankali na Geneva. Kullum yakan gaishe ta, kullum kuma ba ta gane shi. Wata rana ya ɓoye fil tsakanin yatsunsa, da suka yi musabaha ya soke ta. Cikin 'yan mintoci ta manta. Amma da ya sake miƙa mata hannu, sai ta janye nata, ba tare da ta iya tuna dalili ba.

Ciwon da ke damunta yana ɗauke da sunan Sergei Korsakoff, likitan Mosko da ya fara bayyana shi a 1887 a tsakanin waɗanda suka daɗe suna shan barasa. Mai wannan ciwo yakan yi hira da hankali, ya tuna ƙuruciyarsa, amma ba zai iya cewa ko ya ci abinci ɗazu ba. In aka tambaye shi inda ya je jiya, sai ya kawo labarin da bai faru ba. Ba ƙarya yake nufi ba, shi kansa ya gaskata abin da yake faɗa.

Shekara 6 kafin haka, a 1881, Carl Wernicke na Jamus ya bayyana majinyata 3 da suka ruɗe, idanunsu suka daina motsi daidai, tafiyarsu ta zama tangaɗi, kuma dukansu suka mutu. Biyu mashaya ne. Ta ukun kuwa budurwa ce da ta sha asid, ta yi ta amai ba ƙaƙƙautawa. Amsar tana jikin wannan budurwa, amma an yi shekaru da dama ana ɗora laifin a kan gubar barasa kaɗai.

Daga tsibirin Java haske ya ɓullo, inda Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewa. Wannan ne ya kai ga gano bitamin B1, wanda aka ware a 1926, aka kuma haɗa shi a ɗakin bincike a 1936. A 1947 aka wallafa rahoto kan fursunonin yaƙi 52 a Singapore da suka kamu da ciwon Wernicke saboda rashin abinci mai gina jiki. Sannu a hankali aka gane cewa ciwon Wernicke mafari ne, na Korsakoff kuma tabon da yake bari. Barasa takan hana mutum cin abinci, ta hana hanji tsotse bitamin ɗin, alhali ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta 'yan makonni ba. Idan ta ƙare, sassan tsakiyar ƙwaƙwalwa masu adana sabon abu sukan lalace.

Saninsa bai sa an daina kuskure shi ba. A 1986, Clive Harper na Ostiraliya ya nuna cewa kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar da ciwon a gawarsu, ba a gano shi ba suna raye. Sau da yawa akan ɗauki ruɗewarsu a matsayin maye. A 1991 ƙasar ta wajabta saka bitamin B1 a fulawar burodi.

Allurar bitamin B1 ba ta da tsada, kuma in aka yi ta a kwanakin farko na ruɗewa takan ceci ƙwaƙwalwa. In aka makara har mantuwa ta zauna, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke warkewa sosai.