Ciwon damuwa ga masu cuta mai daɗewa: abin da ya kamata iyali su sani

Hawan jini, ciwon suga, amosanin jini da sida cututtuka ne da ake zama da su shekara da shekaru. Mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu ya fi sauran mutane kamuwa da ciwon damuwa. Ga masu ciwon suga, haɗarin ya kai ninki biyu. Tsadar magani, barin gona ko kasuwa, da jin an zama nauyi a kan iyali duk suna taimakawa.

Ba kowane ɓacin rai ne ciwo ba. Likitoci na maganar ciwon damuwa idan ƙuncin zuciya ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 ba sassauci, tare da rashin barci, ƙin abinci, kasala, ko tunanin gara mutuwa. Nan ne matsalar take: dangi kan ɗauka tsohon ciwon ne ya tashi, ko su ce sammu ne. Shi kuwa majinyaci sai ya fara tsallake magani, ya daina zuwa awo. Ga mai hawan jini, ƙarshen wannan na iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Mazaunin Tanda, cikin gundumar Gaya, matakinsa na farko shi ne CSI, daga nan asibitin gunduma na Gaya, sannan babban asibitin jahar Dosso. Sashen masu taɓin hankali da aka fi sani, Pavillon E, yana babban asibitin ƙasa na Yamai, kusan kilomita 300 daga Gaya, kuma sunansa kawai na korar mutane. Saboda irin wannan gibi ne hukumar lafiya ta duniya OMS ta fito da shirin mhGAP a 2008, don malaman jinya na ƙananan asibitoci su iya gano damuwa su kula da ita.

Kulawar na farawa da sauraro da shigar da iyali cikin jinya. In ciwon ya yi tsanani ana ƙara magani, kamar fluoxetine ko amitriptyline. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Amitriptyline bai dace da mai ciwon zuciya ba, don haka saye wajen masu tallar magani a kasuwa kasada ce. Wanda ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ranar nan, kada a bar shi shi kaɗai.