Ƙorafe-ƙorafen da ake yi a kan kamfanonin tallan intanet

Kamfanonin tallan intanet su ne waɗanda ke karɓar kuɗi daga 'yan kasuwa da hukumomi domin nuna hajarsu ko saƙonsu ga masu amfani da waya da kwamfuta. Manyansu su ne Google, mai YouTube, da Meta, mai Facebook da Instagram. A ƙarƙashinsu akwai dubban ƙananan kamfanoni da dillalai da ke shiga tsakani. Galibin ƙorafin da abokan cinikinsu ke yi tushensa ɗaya ne: wanda ya sayar da tallan shi ne kuma yake ƙirga mutanen da suka gan shi. A kasuwar hatsi mai saye yana tsaye ake auna masa. A nan kuwa mudun yana hannun mai sayarwa, sai abin da ya ce ya auna.

Wanda ya sayi rabin shafi a jarida zai buɗe ta washegari ya ga tallansa da idonsa. A intanet ana biya ne bisa lissafi, ko dai a kan kowace latsawa da aka yi wa tallan, ko a kan kowane nuni dubu ɗaya. Google ya buɗe tsarinsa na AdWords a shekarar 2000, ya koma cajin kuɗi a kan latsawa a 2002. Daga nan aka samu ƙofar zamba ta farko.

Latsawar bogi

Tunda kowace latsawa kuɗi ce, abokin hamayya yana iya zama ya yi ta latsa tallan ɗan'uwansa har kuɗin da ya ware ya ƙare. Mai shafin da aka ɗora wa tallan shi ma yana da kaso a kowace latsawa, saboda haka yana da dalilin ƙirƙirar ta. A 2005 wani shagon sayar da kayan kyauta mai suna Lane's Gifts, a jihar Arkansas ta Amurka, ya kai Google kotu a madadin sauran masu talla, bisa zargin cewa ana cajinsu kuɗin latsawar da ba ta gaskiya ba. A 2006 aka yi sulhu a kan dala miliyan 90. Kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin lauyoyi ne suka ɗauka, saura kuma ba tsaba aka mayar ba, damar sake yin talla a Google aka ba masu ƙarar.

Daga baya zambar ta bar hannun mutane ta koma ga manhajojin da ke kwaikwayon ɗan Adam. A watan Disambar 2016 kamfanin tsaron intanet na White Ops ya tona asirin wani shiri da aka laƙaba wa suna Methbot, inda aka ƙirƙiri shafukan bogi masu kama da na manyan kafafen yaɗa labarai, aka sa kwamfutoci suna buɗe bidiyon talla suna motsa linzami kamar mutum ne ke kallo. An kama jagoran shirin, ɗan Rasha Aleksandr Zhukov, a Bulgeriya, aka miƙa shi ga Amurka, kuma a 2021 kotu a New York ta ɗaure shi shekara 10 bisa satar fiye da dala miliyan 7.

Alƙaluman da aka kumbura

Wannan ƙorafin ya fi zafi, domin a nan ba ɓarawon waje ake zargi ba, kamfanin ne da kansa. A watan Satumbar 2016 Facebook ya amsa cewa ya shafe kimanin shekara biyu yana ba masu talla alƙaluman da suka zarce gaskiya game da tsawon lokacin da mutane ke kallon bidiyo. Wajen fitar da matsakaicin lokacin kallo, sai ya cire duk wanda bai kai sakan 3 yana kallo ba daga adadin masu kallon. Da yake mutane da yawa wucewa kawai suke yi, sai lissafin ya nuna kamar jama'a na tsayawa suna saurare. Rahotannin farko sun ce ƙarin ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, masu ƙara kuwa suka ce ya kai 150 zuwa 900. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya biya dala miliyan 40 a 2019 ba tare da amsa laifi ba.

A 2017 wani mai nazarin kasuwa, Brian Wieser, ya lura cewa Facebook na shaida wa masu talla zai iya isar da saƙonsu ga matasa miliyan 41 'yan shekara 18 zuwa 24 a Amurka, alhali ƙidayar ƙasar ta nuna miliyan 31 ne kacal ke da waɗannan shekaru. Asusu ake ƙirgawa, kuma mutum ɗaya kan buɗe fiye da guda, ga kuma na bogi.

Ƙananan dillalai su ma suna da nasu salon, wato sayar da mabiya da "so" na ƙarya. Kamfanin Devumi na Amurka ya yi wannan sana'ar har jaridar New York Times ta fallasa shi a 2018. Mai shagon atamfa da ya sayi mabiya dubu 20 zai ga lambar ta hau, amma babu ko ɗaya a cikinsu da zai tambayi kuɗin turmi.

Inda tallan ke sauka, da tallan damfara

Mai talla ba kasafai yake sanin shafin da hajarsa za ta fito ba, domin na'ura ce ke gwanjon gurbin cikin ƙasa da sakan guda. A farkon 2017 jaridar The Times ta Landan ta gano tallace-tallacen manyan kamfanoni a gefen bidiyon masu tsattsauran ra'ayi a YouTube, abin da ya sa gwamnatin Birtaniya ta dakatar da nata tallan a can.

Masu kallo kuma kukansu shi ne tallan 'yan damfara da kamfanonin ke karɓar kuɗi su yaɗa. A 2011 Google ya sallama wa gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda karɓar tallan masu sayar da magani daga Kanada ba bisa ƙa'ida ba. A Birtaniya, Martin Lewis, mai ba jama'a shawara kan kuɗi, ya kai Facebook ƙara a 2018 saboda ana amfani da hotonsa a tallan zuba jari na ƙarya. Ya janye ƙarar a 2019 bayan kamfanin ya amince ya ba da fam miliyan 3 ga aikin yaƙi da damfara.

Hukumomi

Babban zargin da gwamnatoci ke yi wa Google shi ne babakere: yana wakiltar mai sayen talla, yana wakiltar mai shafin da ke sayar da gurbi, sannan dandalin gwanjon ma nasa ne. A watan Afrilun 2025 mai shari'a Leonie Brinkema a jihar Virginia ta yanke hukuncin cewa ya mamaye ɓangarori biyu na wannan kasuwa ba bisa doka ba. A watan Satumba na shekarar Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 2.95. Kamfanin bai amince da hukuncin ko ɗaya ba.

A Najeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke kula da harkar talla, kuma dokar ta ce a tantance talla kafin a nuna wa 'yan ƙasa, har da na intanet. A watan Oktoban 2022 ta shigar da Meta ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ba a tantance ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC kuma ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, waɗanda da su ne ake zaɓen wanda za a nuna wa talla. Kotun sauraron ƙorafi kan gasa da haƙƙin masu saye ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025.

Irin wannan tara asusun gwamnati take shiga, ba ta komawa aljihun ɗan kasuwar da ya yi asara. Wanda dillalin cikin gida ya cuta yana iya kai ƙorafi ga FCCPC ko ARCON, kuma abin da zai riƙe hujja shi ne rasitin biya, da yarjejeniya a rubuce, da hoton alƙaluman da aka nuna masa. Saboda haka masu talla da suka goge sukan buɗe asusun tallan da sunansu su ba dillali izinin shiga kawai, su kuma sa lambar waya ta daban a tallan domin su ƙirga kiran da ya shigo da kansu.