Ƙasusuwan Goronyo a Birnin Fulorans

Wanda ya tsaya a gonakin Masama da rani, da wuya ya yarda cewa teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato. Shaidar kuwa tana Italiya.

A 1930 masani Swinton ya fara bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono a lardin Sakkwato. Daga baya malaman Jami'ar Fulorans suka haƙo ƙoƙon kanta a yankin Goronyo, kuma a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ta rayu fiye da shekaru miliyan 66 da suka wuce. Yau ƙoƙon yana gidan tarihin halittu na jami'ar, wanda aka kafa a 1775.

Sunan namu ne, amma ɗalibin Kalgo da ke son ganinta sai ya nemi biza. Ya kamata jami'o'inmu su gina rumbun da zai riƙe abin da ƙasarmu ta binne.