Rangwamen Ɗauri da Soke Shi: Daga Gidan Yarin En'e na Haɗeja Zuwa Sakin Talala

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wata ƙa'ida ta gidan yari, wato rangwamen kwanaki da ake yi wa fursuna saboda kyawun hali, da ikon da hukuma take da shi na soke wannan rangwame. Za a dubi ƙasar Haɗeja domin misali.

Asalin Rangwame

A fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suke bi tun kafin zuwan Turawa, ɗauri yawanci ta'aziri ne, ko kuma tsare mai taurin bashi har ya biya. Sakin ɗaurarre yana hannun sarki ko alƙali, kuma ceton wani babba yakan yi tasiri.

Lissafin kwanaki kuwa baƙo ne. Alexander Maconochie ya gwada ba fursunoni maki a tsibirin Norfolk a 1840, sa'an nan dokar Ingila ta 1853 ta tanadi sakin fursuna da takardar izni, wadda ake janyewa in ya saɓa sharaɗi. Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilu 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa, sai aka sa masarautar cikin Lardin Kano. Gidan yari ya zama na En'e, Yari yana shugabanta, jami'an Turawa suna dubawa. Dokar gidajen kurkuku ta 1916 ita ce ta shimfiɗa tsari ga Nijeriya baki ɗaya. Ranar 1 ga Afrilu 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, Doka ta 9 ta 1972 kuma ta tabbatar da haɗewar.

Soke Rangwame

Ƙa'idar da aka gada ita ce a yafe wa mai kyawun hali sulusin wa'adinsa. Wanda aka yanke wa wata 18 zai fita bayan wata 12. Amma in ya yi laifi a ciki, kamar faɗa ko ƙin aiki, hukumar gidan tana iya zaftare masa rangwamen. Ashe ke nan afuwar da a da take bakin sarki ta koma cikin littafin gandiroba, soke ta kuwa ƙarin zama ne wanda ba alƙali ya yanke ba.

Nauyin wannan ya fi bayyana a fadamar Kogin Haɗeja. Manomin shinkafa na Auyo ko masunci na Guri, abincinsa na shekara yana rataye ne ga zuwan ruwa da janyewarsa. In aka soke masa kwana 30 daidai lokacin shuka, iyalinsa sun yi asarar damina guda.

Sakin Talala

Sashe na 468 na dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ya ba kotu ikon sakin fursuna mai kyawun hali kafin cikar wa'adinsa, dokar 2019 ta hukumar gyaran hali kuma ta sa sakin talala cikin ayyukanta. A Amurka, inda tsarin ya daɗe, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Morrissey ta 1972 cewa ba a janye talala sai an saurari mutum, a shari'ar Wolff ta 1974 kuma ta ce haka nan ga soke rangwame.

Wannan darasi ya shafe mu. Talala tana tafe da sharuɗɗa, irin su zama wuri ɗaya da bayyana gaban jami'i. To, wanda ambaliya irin ta 2022 ta kora daga ƙauyensa, ko ya tafi cin rani, shin ya saɓa alkawari?

Kammalawa

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu. In Jihar Jigawa za ta yi doka, ya kamata ta tanadi abu 3: kada a soke rangwame ko talala sai an ji ta bakin mutum, a rubuta dalili, kuma a bambanta sabon laifi da saɓanin da larura ta jawo. Kwanakin da fursuna ya samu da kyawun halinsa haƙƙinsa ne, bai kamata a karɓe su ba sai da hujja.