Motsa jiki: Yadda ake gina ƙarfi da lafiyar karen gida

A ƙasashen Turai da Amurka, inda miliyoyin iyalai ke ajiye kare a cikin ɗaki, likitocin dabbobi sun daɗe suna kokawa kan matsalar ƙiba da rashin motsa jiki.

Wani ƙiyasi da wata ƙungiya mai yaƙi da ƙibar dabbobin gida a Amurka ta fitar game da shekarar 2022, ya nuna cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan da aka duba nauyinsu ya zarce kima.

Matsalar dai ba ta tsaya ga kamanni ba, domin kuwa takan rage wa dabbar kwana.

A shekarar 2002 an wallafa sakamakon wani bincike na tsawon shekaru 14 a Amurka, kan karnuka 48 jinsin Labrador. An riƙa bai wa rabinsu abincin da ya gaza na sauran da kashi 25 cikin 100.

Waɗanda ba su yi ƙiba ba sun rayu kimanin shekaru 13, sauran kuwa shekaru 11 da 'yan watanni. Haka kuma amosanin gaɓɓai ya yi jinkirin kama rukunin farko.

Abin da doka ta tanada

A Ingila da yankin Wales, dokar kula da jin daɗin dabbobi ta shekarar 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta abincin da ya dace, da kare ta daga ciwo, da kuma barinta ta yi ɗabi'un da aka halicce ta da su.

A Italiya kuwa, hukumar birnin Turin ta kafa wata doka a shekarar 2005, wadda ta tanadi tarar da ta kai euro 500 ga duk wanda ba ya fita da karensa sau uku a rana.

Kowane jinsi da buƙatarsa

Babu awo guda da ya dace da kowane kare. Ƙungiyar Kennel Club ta Burtaniya, wadda aka kafa a shekarar 1873, ta ce karen kiwon tumaki jinsin Border Collie na buƙatar fiye da sa'o'i biyu na motsa jiki a kowace rana, yayin da ɗan ƙaramin Chihuahua minti 30 ya ishe shi.

Dalili shi ne, an samar da kowane jinsi ne domin wani aiki. Greyhound ɗan tsere ne, yana iya gudun kusan kilomita 70 a sa'a guda, amma a gajeren zango.

Karnukan da ke jan keken ƙanƙara a gasar Iditarod ta jihar Alaska, wadda aka fara a shekarar 1973, sukan yi tafiyar kimanin kilomita 1,600.

Akwai kuma Azawakh, siririn karen Abzinawa wanda asalinsa kwarin Azawak ne da ke tsakanin Nijar da Mali. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin cikakken jinsi a shekarar 2019. A wurinsa, bayyanar haƙarƙari halitta ce, ba rama ba.

Su kuwa karnuka masu gajeren hanci, irin su Bulldog da Pug, hanyar numfashinsu na da ƙunci, saboda haka gudu mai tsanani na iya jefa su cikin haɗari.

Sannu ba ta hana zuwa

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka fi jaddadawa ita ce a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Tsoka na saurin sabawa da aiki, amma jijiyoyi da gaɓɓai sukan ɗauki lokaci.

Don haka karen da ya kwashe kwana biyar a kwance, sannan aka sa shi gudun sa'o'i a ƙarshen mako, ya fi fuskantar tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda na cikin manyan abubuwan da ke sa kare ɗingishi da ƙafar baya.

Tafiya da sassarfa a kullum su ne ginshiƙi, domin suna ƙarfafa zuciya da huhu. Hawan tudu a hankali na gina tsokar cinya, haka ma sa kare ya zauna ya miƙe sau da dama a jere.

Iyo kuma na amfanar tsohon kare ko wanda aka yi wa tiyata, tun da ruwa na ɗauke wa gaɓɓai nauyi. A Burtaniya akwai cibiyoyi na musamman masu kududdufai domin wannan jinya.

Ƙwiƙwiyo na buƙatar kulawa ta daban. Bakin ƙasusuwansa guringuntsi ne da bai ƙosa ba, kuma a manyan jinsuna ba ya gama ƙwari sai bayan wata 18 ko fiye.

Wannan ne ma ya sa a wasan tsallake shingaye da kutsawa ta cikin bututu, wanda aka fara nunawa a bikin baje kolin karnuka na Crufts a shekarar 1978, ba a barin kare ya shiga gasa a Burtaniya sai ya cika wata 18.

Haɗarin zafin rana

Zafin jikin lafiyayyen kare yakan kasance tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas. Ba ya gumi kamar ɗan Adam, sai dai ya riƙa haki yana zaro harshe. Idan zafin ya haura digiri 41, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa na iya lalacewa.

Wani nazari da masana a Kwalejin Likitocin Dabbobi ta London da wata jami'a a Nottingham suka wallafa a shekarar 2020, ya gano cewa kimanin kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya galabaitar a Burtaniya, motsa jiki ne ya jawo musu, ba wai kulle su cikin mota ba.

Shi ya sa ake ba da shawarar fita da sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, tare da guje wa kwalta mai zafi da ke ƙona tafin ƙafa. Idan kare ya fara tangaɗi, ko dalalar da yawu, ko amai, to a tsaya, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan sanyi, sannan a garzaya da shi wurin likita.

Abinci da awo

Atisaye kaɗai ba ya rage teɓa idan kwano na cika maƙil. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gano a shekarar 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na karnukan Labrador na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halittarsu ta gado, wanda ke ƙara musu kwaɗayin abinci.

Likitoci na auna jikin kare da maki daga 1 zuwa 9, inda 4 ko 5 ne daidai. A gida kuwa hannu ya wadatar: idan aka shafa gefen kare aka ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba, kuma aka ga ƙugunsa ya tsuke idan an dube shi daga sama, to nauyinsa bai wuce kima ba.